Yadda Ake Zaɓa wa Tsohon Babur Sababbin Tayoyi

Wanda yake riƙe da babur da ya shekara 20 ko 30, ko ma fiye da haka, yakan gamu da wata wahala ta musamman idan lokacin sauya taya ya yi. Lambar da ke cikin littafin babur ɗin ba ita ce ake rubutawa a jikin yawancin tayoyin yau ba, kamfanin da ya yi tayar asali wataƙila ya daɗe da daina yin irinta, sannan tayar da ke ɗaure a ƙafar yanzu ba lallai ne ta kasance daidai ba, domin babur ɗin ya bi ta hannun mutane da dama, kowannensu kuma ya saka abin da ya samu. Abin da ya kamata a riƙe tun daga farko shi ne cewa an ƙera kowane babur ne bisa wani girman taya da wani irin gini na taya, saboda haka aikin mai zaɓe shi ne ya nemo robar zamani wadda ta fi kusa da wancan girma da wancan gini.

Ka fara da tayar da ke ƙafar

Kafin a yi maganar saye, sai ka tabbatar da halin da tsohuwar tayar take ciki. Suɗewa ba ta da wuyar ganewa. A cikin ramukan zanen taya akwai wasu ƙananan tudu da aka yi musamman domin nuna iyaka, kuma a gefen tayar akan sa alamar TWI ko ɗan ƙaramin alwatika daidai inda suke. Idan saman zanen ya zo daidai da waɗannan tudun, tayar ta gama aikinta. Dokar ƙasashe ta bambanta a kan zurfin da ya wajaba ya rage, misali milimita 1 a Birtaniya ga babur da ya wuce cc 50, da milimita 1.6 a Jamus, amma a ganina bai kamata mai tuƙi cikin ruwan sama ya jira har ya kai iyakar doka ba.

Abin da ya fi yaudarar masu tsofaffin babura shi ne shekarun taya. Babur da ba a yawan hawa yana iya kasancewa da taya mai cikakken zane kamar sabuwa, alhali robar ta bushe ta yi tauri, ta daina kama kwalta yadda ya kamata, musamman idan hanya ta jiƙe. Rana da zafi da iskar da muke shaƙa suna cin roba ko da babur yana ajiye. Domin sanin shekarunta, ka nemi jerin haruffan da ya fara da DOT a gefen tayar, wanda sau da yawa a gefe ɗaya kawai yake cikakke. Lambobi 4 na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta, wato 2319 yana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Idan lambobi 3 ka gani a madadin 4, to an yi tayar kafin shekarar 2000, kuma ba ta cancanci ta sake hawa titi ba ko yaya kyanta yake. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar a riƙa sa gwani ya duba taya kowace shekara idan ta yi shekara 5 ana amfani da ita, kuma a cire ta idan ta kai shekara 10 daga ranar da aka yi ta. Tsatstsagewa a gefe ko a cikin ramukan zane, da kumburi, da wurin da zare ya fito, duk dalilai ne na cirewa nan take ba tare da duba shekaru ba.

Nemo girman asali, sannan ka karanta rim

Mataki na biyu shi ne sanin girman da kamfanin da ya ƙera babur ɗin ya tanada. Ana samun wannan a littafin mai babur ko littafin gyara na wannan samfurin da wannan shekarar, kuma a babura da yawa akwai takardar da aka manna a kan murfin sarƙa ko a kan ƙarfen da ke riƙe da ƙafar baya, wadda take ɗauke da girman taya da yawan iskar da za a ba ta. Ka kula da shekarar ƙira sosai, domin kamfanoni sukan sauya girman ƙafa daga wannan shekara zuwa waccan ba tare da sun sauya sunan babur ɗin ba.

Bayan haka ka goge rim ɗin, wato ƙarfen da taya ke zama a kansa, ka nemi rubutun da aka buga a jikinsa. Za ka ga wani abu kamar 1.85 x 19 ko MT 2.15 x 18. Lamba ta farko faɗin cikin rim ne da inci, ta biyu kuma faɗin da'irarsa ce. A tsofaffin babura, musamman na Ingila, akan rubuta faɗin da wasu alamu, inda WM1 yake nufin inci 1.60, WM2 inci 1.85, WM3 kuma inci 2.15. Wannan binciken yana da muhimmanci saboda ba abin mamaki ba ne a tarar wani mai babur na baya ya sauya ƙafar gaba ɗaya bayan haɗari. Idan rim ɗin ya saɓa wa littafi, to rim ɗin da ke gabanka ne zai yanke hukuncin abin da zai iya zama a kansa. Lambar da'irar kuwa ba a yin sassauci a kanta ko kaɗan: taya mai lamba 18 rim mai lamba 18 kawai take hawa, kuma tilasta wata a kan wanda ba nata ba yana iya sa ta fashe tun a wurin ba ta iska.

Fassara tsohuwar lamba zuwa sabuwa

A nan ne mafi yawan kuskure yake faruwa, don haka zan ɗan tsaya a kansa. Akwai hanyoyi 3 na rubuta girman tayar babur. Tsohuwar hanya ita ce ta inci, kamar 2.25-17 da ƙaramin Honda Super Cub na 1958 ya zo da ita, ko 3.25-19 a gaba da 4.00-18 a baya da Honda CB750 na 1969 ya zo da su. A wannan tsari lamba ta farko kimanin faɗin tayar ne, kuma tsayin gefenta ya yi kusa da faɗinta. Hanya ta biyu ita ce ta haruffa, wadda aka fi gani a baburan Amurka irin su Harley-Davidson, kamar MJ90-19 ko MT90-16. Hanya ta uku, wadda ta mamaye kasuwa a yau, ita ce ta milimita, kamar 100/90-19. A nan 100 faɗin tayar ne da milimita, 90 yana nufin tsayin gefenta kashi 90 cikin 100 ne na faɗin, 19 kuma da'irar rim ce da inci.

Ana samun jadawalin da ke daidaita waɗannan hanyoyi, inda akan ce MJ90 ta yi daidai da 90/90, MM90 da 100/90, MT90 kuma da 130/90. Tsakanin haruffa da milimita daidaiton yana da kyau. Tsakanin inci da milimita kuwa kusanci ne kawai, kuma wanda ya ɗauki jadawalin a matsayin hukunci na ƙarshe zai iya sayen taya mai faɗi daidai amma gajeruwa. Hanyar da ta fi aminci ita ce ka lissafa tsayin tayar gaba ɗaya da kanka. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Ka mayar da da'irar rim zuwa milimita, sannan ka ƙara tsayin gefe sau biyu, domin akwai gefe a sama da kuma a ƙasa. Ga taya 100/90-19, rim ɗin milimita 482.6 ne, gefen milimita 90, jimilla ta zama kimanin milimita 663. Ga 90/90-19, gefen milimita 81 ne, jimilla kimanin 645.

Yanzu ka kwatanta da tayar asali. Taya 3.25-19 takan kai kimanin milimita 665 a tsayi, faɗinta kuma yakan yi kusa da milimita 90. Wato a faɗi ta fi kama da 90/90-19, a tsayi kuma ta fi kama da 100/90-19. Haka abin yake a baya: 4.00-18 tana da tsayin kimanin milimita 670, alhali 110/90-18 da ta yi kusa da ita a faɗi tsayinta kimanin 655 ne, 120/90-18 da ta yi kusa da ita a tsayi kuma ta fi ta faɗi. Wannan bambancin na milimita 15 ko 20 ba ƙaramin abu ba ne ga babur. Gajeruwar taya a gaba tana sunkuyar da kan babur, ta sa ya riƙa saurin faɗawa cikin kwana, kuma ta rage tazarar da ke tsakanin injin da ƙasa. Idan agogon gudu daga ƙafar gaba yake karɓar lissafi, kamar yadda yake a yawancin tsofaffin babura, sauya taya mai milimita 665 da mai 645 zai sa agogon ya riƙa nuna gudun da ya fi na gaskiya da kimanin kashi 3 cikin 100. Gajeruwar taya a baya kuma tana sa injin ya riƙa juyawa da yawa a gudun da aka saba.

Akwai wani tarko a cikin tsarin incin kansa. Lambobi irin su 3.60 da 4.10 suna nufin taya mai gajeren gefe, don haka 4.10-18 ba ta fi 4.00-18 girma ba kamar yadda lambar take nunawa, hasali ma ta fi ta gajarta. Saboda duk waɗannan dalilai, shawarata ita ce idan har ana samun girman asali na inci, a saye shi. Manyan kamfanoni da dama har yanzu suna yin irin waɗannan lambobi da robar zamani, kuma sauyawa zuwa milimita abu ne da ake yi idan babu wata hanya.

Kwaɗayin faffaɗar taya

Mutane da yawa suna ganin cewa faffaɗar taya ta fi kama ƙasa, ga shi kuma tana ƙara wa babur kwarjini. A kan tsohon rim siriri, abin da yake faruwa akasin haka ne. Kowace taya an zana ta ne domin ta zauna a kan wani faɗin rim. Idan aka matse faffaɗar taya a cikin siririn rim, leɓɓanta biyu, wato bakunan da ke zama a kan rim, suna matsowa kusa da juna, bayanta ya ƙara tsini, wurin da yake taɓa ƙasa ya ragu a madadin ya ƙaru, tsakiyarta kuma ta yi saurin cinyewa. Babur ɗin yakan zama mai wuyar sarrafawa a kwana, wani lokaci ma ya riƙa kaɗa kai idan gudu ya yi nisa. Kowane kamfanin taya yana fitar da jadawalin da ke nuna faɗin rim da ya halatta ga kowace tayarsa, kuma wannan jadawalin ne abin dubawa kafin a biya kuɗi, domin tayoyi biyu masu lamba ɗaya daga kamfanoni daban suna iya bambanta da 'yan milimita a faɗi da tsayi.

Sai kuma batun fili. Ka auna tazarar da ke tsakanin tayar yanzu da sarƙa, da ƙarfen da ke riƙe da ƙafar baya, da sandar birkin baya, da murfin da ke saman taya, da ƙarafa biyun da ke riƙe da ƙafar gaba. Ka tuna cewa taya tana ɗan ƙara girma idan ta yi zafi ana gudu, kuma idan aka yi goyo ko aka faɗa rami, babur yana nutsewa har murfin ya matso kusa da tayar. Tazarar da ta yi kamar ta isa lokacin da babur yake tsaye ba kowa a kansa tana iya ɓacewa a kan hanya.

Ginin cikin taya

A ƙarƙashin roba akwai shimfiɗun zare, kuma yadda aka jera su ne yake raba tayoyi gida biyu. A tsohon gini ana shimfiɗa zaren a karkace, kowace shimfiɗa tana giciye ta ƙasanta, abin da yake ba tayar gefe mai tsayi da ƙarfi. A ginin radiyal zaren yana tafiya kai tsaye daga leɓe zuwa leɓe, sannan a ɗaura wani ɗamara a ƙarƙashin zanen. Ana gane su a cikin lamba: ɗan layi kamar a 100/90-19 yana nufin zaren gicciye, harafin B yana nufin zaren gicciye mai ƙarin ɗamara, harafin R kuma radiyal. Sai a shekarun 1980 radiyal ya shigo baburan titi, inda Michelin ya fitar da nasa ga jama'a a 1987. Ma'anar wannan ita ce duk babur da aka ƙera kafin lokacin, da kusan dukkan ƙananan baburan aiki har zuwa yau, an gina jikinsu da shokozobansu da sirantar rim ɗinsu ne bisa taya mai zaren gicciye. A zauna a kan wannan ginin. Akwai 'yan tayoyin radiyal da aka yi musamman domin tsofaffin babura, kamar ContiClassicAttack na kamfanin Continental, amma ba a saka su sai kamfanin ya ambaci samfurin babur ɗinka a cikin waɗanda suka dace. Haɗa radiyal a ƙafa ɗaya da zaren gicciye a ɗaya kuwa ba a yin sa sai idan wanda ya ƙera babur ɗin ne ya tsara haka.

Da tiyub ko ba tiyub

Rim ne yake amsa wannan tambaya. Ƙafar gargajiya mai sifok, wato siraran ƙarafan da ke haɗa rim da tsakiyar ƙafa, tana da ramuka a cikin rim inda kowane sifok ya shiga, kuma iska za ta fita ta nan, don haka dole ne a sa tiyub. An sami 'yan baburan da suka kauce wa wannan, kamar BMW R100GS na 1987 wanda sifok ɗinsa suke shiga ta gefen rim a wajen inda iska take, amma irinsu kaɗan ne. Ƙafar da aka zuba da alminiyam ma ba duka ba ce take riƙe iska, domin na farko-farko a shekarun 1970 da yawansu da tiyub aka yi su. Ka nemi kalmar TUBELESS a jikin rim ɗin ko a cikin littafi, kada ka yi zato daga kamanninsa. Rim ɗin da aka yi domin zama ba tiyub yana da siffar da take riƙe leɓen taya idan iska ta ragu, wanda bai da wannan siffa kuwa yana iya sakin tayar farat ɗaya.

A jikin taya za ka ga TL ko TUBELESS, ko kuma TT ko TUBE TYPE. Tayar TT ba ta aiki ba tare da tiyub ba a kan kowane irin rim, domin ba ta da shafen ciki mai hana iska fita. Tayar TL kuwa yawancin kamfanoni suna yarda a sa mata tiyub a kan rim mai sifok, sai dai gogayyar tiyub da cikin taya tana ƙara zafi, shi ya sa akan ce a ɗauki iyakar gudunta a matsayin ta ragu da mataki ɗaya. Ka duba abin da kamfanin tayar da ka zaɓa ya ce a kan wannan.

Duk lokacin da aka sa sabuwar taya, a sa sabon tiyub mai lambar da ta dace da ita. Tsohon tiyub ya riga ya miƙe, kuma idan aka cusa shi cikin sabuwar taya yakan naɗe, wurin naɗin ya goge har ya huje. Wanda ya yi ƙanƙanta kuma yana yin siriri idan aka hura shi. Haka nan a sauya robar da ake zagaya cikin rim da ita domin rufe kawunan sifok, wadda mutane da yawa suke mantawa da ita har sai kan sifok ya huda sabon tiyub. Idan rim ɗin na ba tiyub ne, bawul ɗin ne ake sauyawa.

Nauyi da gudu

Bayan lambar girma akwai wata lamba da harafi, kamar 57H ko 64S ko 47P. Lambar tana nuna nauyin da tayar za ta iya ɗauka idan an ba ta cikakkiyar iska: 47 kilo 175 ne, 52 kilo 200, 57 kilo 230, 64 kuma kilo 280. Harafin yana nuna iyakar gudun da aka gwada ta a kai, inda L yake kilomita 120 a awa, P 150, S 180, H 210, V kuma 240. Ƙa'idar mai sauƙi ce, wato kada ɗaya daga cikin biyun ya gaza abin da littafin babur ya nema, amma ya halatta ya fi. Wanda yake yawan goyo ko ɗaukar kaya ya tuna cewa mafi yawan wannan nauyin a kan ƙafar baya yake sauka, don haka ya nemi taya mai alamar REINF, ko 6PR a madadin 4PR, alamun da ke nuna tayar da aka ƙara wa ƙarfin ɗaukar nauyi, domin girma ɗaya kamar 3.00-18 yana zuwa da 47 yana kuma zuwa da 52. Wannan ba ya ƙara nauyin da jikin babur ɗin da birkinsa za su iya ɗauka, tayar kawai yake ba ƙarfi.

Zane da irin roba

Sai yanzu ne maganar zane ta zo, kuma hanyar da kake bi ce za ta jagorance ka. Wanda kusan kullum yana kan kwalta ya ɗauki tayar titi. Wanda yake haɗa kwalta da burji ya ɗauki mai zane matsakaici, ya san cewa manyan haƙora suna kama yashi da taɓo amma suna ƙara, suna saurin cinyewa, kuma ba sa riƙe jiƙaƙƙiyar kwalta kamar tayar titi.

Ga masu son babur ya ci gaba da kamanninsa na asali, akwai tsofaffin zane da har yanzu ake yi, kamar Dunlop K70 da K81, wadda ake kira TT100 tun bayan da ɗan tseren babur Malcolm Uphill ya zagaya hanyar tseren tsibirin Man, da ke tsakanin Birtaniya da Ireland, da ita a kan Triumph Bonneville da gudun da ya wuce mil 100 a awa a 1969. Akwai kuma tayoyi masu zanen zamani a tsofaffin lambobi, irin su Bridgestone Battlax BT46 da Avon Roadrider da Michelin Road Classic da Pirelli Sport Demon. Idan babur ɗin na hawa ne kullum, ni na fi karkata ga rukuni na biyu, domin haɗin robar yau, musamman wanda aka sa wa silika, ya fi kama jiƙaƙƙiyar hanya nesa ba kusa ba, kuma tsohon babur mai birkin ganga yana bukatar duk taimakon da taya za ta ba shi. Ko wanne ka zaɓa, ya fi kyau gaba da baya su zama samfuri ɗaya daga kamfani ɗaya, saboda an zana lanƙwasar bayansu ne domin su yi aiki tare. Idan duka biyun sun tsufa, a sauya su lokaci ɗaya.

A wurin saye, ka karanta lambar makon da aka yi tayar kamar yadda aka bayyana a sama, domin lambobin da ba a yawan nema sukan daɗe a ajiye. Wadda ta shekara 1 ko 2 a inuwa, nesa da zafi da mai, ba ta da laifi. Ka duba ko akwai alamar M/C da ke nuna tayar babur ce, ka duba leɓɓanta ko sun lanƙwashe saboda danne ta da aka yi da kaya. Tayar hannu kuwa ba na ba kowa shawarar saye, saboda raunin da faɗawa rami ko tafiya ba iska yake yi wa zaren ciki ba ya bayyana daga waje.

Ɗaurawa

Da zarar an cire tsohuwar taya, a duba rim ɗin kafin a ɗora sabuwa. A goge tsatsar da ke ciki, idan kuma ta ci ƙarfen har ya yi rami ko ya yi laushi, rim ɗin ne yake bukatar sauyi. A buga kowane sifok da ƙaramin ƙarfe a saurara, domin wanda ya saki yana ba da matacciyar ƙara. A juya ƙafar a ga ko tana layi, a taɓa boris ɗinta a ji ko yana wasa. Sabuwar taya ba ta gyara karkataccen rim ko mataccen boris, kuma sau da yawa laifin da ake ɗora wa taya daga nan yake.

Ka tsaya kusa da mai faci lokacin da yake aikin, ka tabbatar kibiyar da ke gefen tayar tana kallon inda ƙafar take juyawa idan babur yana tafiya gaba. Wasu tayoyi an yi su ne domin gaba kawai ko baya kawai, kuma an rubuta FRONT ko REAR a jikinsu. Waɗanda ake iya sawa a ko'ina sukan zo da kibiya biyu masu kallon juna baya da baya, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, dalili kuwa shi ne ƙarfin da ya fi damun tayar gaba na birki ne, wanda ya fi damun ta baya kuma na jan injin ne. Idan akwai ɗigon fenti a gefen tayar, galibi yana nuna wurin da ya fi rashin nauyi, kuma ana daidaita shi da bawul. A shafa wa leɓen ruwan sabulun da aka yi domin taya, ban da man injin ko giris ko fetur, waɗanda suke lalata roba kuma suke sa taya ta zame a kan rim. Wajen zaunar da leɓen kada iska ta wuce psi 40 a ma'aunin iska, idan bai zauna ba, sai a sace iskar a sake shafawa. Akwai siririn layi da ya zagaye tayar kusa da bakin rim, kuma dole ne tazararsa da rim ta zama ɗaya a ko'ina, a ɓangarorin biyu. Ɗan notin da ke kan bawul ɗin tiyub kada a ɗaure shi tam a jikin rim, domin idan taya ta fara zamewa tana jan tiyub, karkatar bawul ɗin ce za ta sanar da kai kafin ya tsinke. Daga nan a daidaita nauyin ƙafar da 'yan darma, a mayar da ita, a daidaita sarƙa da layin ƙafafun biyu, sannan a juya kowace ƙafa da hannu a tabbatar ba ta taɓa komai.

Iska da kwanakin farko

Lambar iska da aka rubuta a gefen taya iyaka ce ta lokacin ɗaukar cikakken nauyi, ba ita ce ta tuƙin yau da kullum ba. A fara da abin da littafin babur ya ce, amma idan littafin na shekarun 1960 ko 1970 ne, a duba shawarar kamfanin tayar game da wannan babur, domin tayoyin yau galibi suna son iska fiye da ta wancan zamani, kuma ƙarancin iska yana sa su zafi, su cinye ta gefe, babur ya riƙa yawo a hanya. Ana auna iska da geji lokacin da tayar take da sanyi, wato kafin a fita ko bayan babur ya huta na kimanin awa 3, kuma ana ƙara wa ta baya idan za a yi goyo kamar yadda littafi ya nuna.

Sabuwar taya tana da santsi a samanta, kuma lanƙwasarta ta bambanta da ta tsohuwar da hannunka ya saba da ita, wadda tsakiyarta ta riga ta baje. Saboda haka kamfanoni suke cewa a yi kimanin kilomita 160 na farko a hankali, ba taka birki da ƙarfi, ba murɗa mai farat ɗaya, ana ƙara kwantar da babur a kwana kaɗan-kaɗan har gefunan zanen su goge. Washegarin ranar da aka ɗaura ta ka sake auna iskar, domin idan liba, wato ƙarfen da ake ɗaura taya da shi, ta ɗan cije tiyub ko leɓe bai zauna sosai ba, a nan ne zai nuna. Bayan tafiyar farko mai ɗan nisa ka leƙa gefen tayar da cikin murfinta ko akwai alamar gogayya, ka sake duba notin ƙafa da saken sarƙa, sannan ka mayar da auna iska aikin kowane mako.